An rubuta wa yayata allurar trastuzumab: mi ce ce ita, kuma ta Indiya jabu ce?

Telan Bagalam:

Assalamu alaikum jama'a. Ina neman wanda ya san harkar magani ya warware mini, don kaina ya ɗaure.

Yayata ce, wadda ta goye ni. Tun bayan sallar layya ta ji wani ƙulli a mamanta na hagu, ba ta gaya wa kowa ba sai da ya kai girman goro. Mun yi na gida, an shafa, an sha, shiru. Daga baya aka yanki ɗan nama aka aika Yamai, sakamako ya dawo cewa ciwon daji ne. An yi mata aiki, ta kuma sha shimiyo sau huɗu, jan ruwan nan mai zubar da gashi. Satin da ya wuce ni na raka ta. Likita ya jawo wata takarda, ya zagaye wani wuri da biro inda aka rubuta HER2 3+, ya ce za a ƙara mata wata allura mai suna trastuzumab, duk sati uku, har shekara guda. Ya ce wannan ba shimiyo ba ce, antikor ce. Layi ya yi tsawo a bayanmu, na ji kunyar tsayar da shi da tambaya.

Da aka faɗa mini kuɗinta sai da na nemi benci na zauna. Ni tela ne, keke biyu gare ni da yaro ɗaya. Mijinta yana da gonar aya ta wajen hanyar Dakoro, yanzu ita ake maganar sayarwa.

Wani abokina mai zuwa Kano sarin yadi ya ce akwai ta Indiya mai sauƙi, zai sako mini a jaka. Wani kuma a majalisarmu ya rantse da jinin kusu ake yin ta, Yaya ta ji, ta ce ita ba za a ɗura mata kusu ba. To mi ce ce antikor? Babu ƙwayarta ta sha? In har ta fi shimiyo kyau, don mi aka bari ta sha wahalar jan ruwan tukuna? Kuma ta Indiyar, magani ce ko ruwa?

Malamin Labo:

Wa alaikumus salam ƙanena. Allah ya ba Yaya lafiya, ya sa kaffara ne. Ni ba likita ba ne, a labo nake, wato ɗakin awon jini na asibiti, don haka maganar likitanta tana gaba da tawa. Amma antikor kam da ita nake cin abinci kullum.

Ka san tsinken awon palu, zazzaɓin sauro, da ake ɗiga jinin yaro a kai, layi biyu su fito? Abin da aka shafa a kan layin nan antikor ce. Ba ta kama komai a cikin jinin sai furotin ɗaya na ƙwayar palu. Tsinken awon ciki na mata ma haka yake. Allurar saran maciji ita ma antikor ce: doki ake yi wa allurar dafi kaɗan-kaɗan, jikinsa ya ƙera makami, a ɗebi jininsa a tace. Jikinka ma yana ƙera ta dare da rana, ita ce dalilin da wanda ya yi ƙyanda ba ya sake yi. Siffarta kamar gwafa take, ƙafa ɗaya da ƙaho biyu. Bakin ƙahonin shi ke damƙe abokin gaba. Ƙafar kuma tuta ce, ita ke kiran sojojin jini su zo su gama da abin da aka damƙe.

Ta doki tana da aibi: tarkace ce, iri-iri a gauraye, kuma ta dokin bana daban da ta baɗi. A 1975 a Kambirij ta Ingila, mutum biyu, César Milstein ɗan Ajantina da Georges Köhler Bajamushe, suka samo dabarar yin iri ɗaya tak. Suka yi wa kusu allura, suka ciro daga saifarsa ƙwayoyin da ke ƙera antikor. Waɗannan ƙwayoyi ba sa daɗewa a kwalba, mutuwa suke. Sai suka haɗe su da ƙwayar daji suka zama ɗaya, wadda ita ba ta san mutuwa ba. Abin da aka haifa ya gaji sana'ar ɗaya da tsawon ran ɗaya. Kamar alfadari ke nan, sai dai shi alfadari ba ya haihuwa, wannan kuwa haihuwa ce aikinta. Sun karɓi kyautar Nobel a 1984. Ka ga inda mutumin majalisarku ya tsinci maganar kusu. Bai ƙirƙira ba, rabin labarin ya ji.

Ga sauran rabin. Da aka fara sa wa mutane antikor ta kusu zalla, jiki ya gane baƙuwa ce. Allura ta farko ta yi aiki, kafin a je ko'ina jikin ya ƙera tasa antikor ya bi ta kusun da duka. Magani ya zama abin farauta. A nan ƙira ta shigo, kuma a nan nake so ka tsaya, don shi ne amsar Yaya.

Ka je Jiratawa ka ga yadda ake auren mangwaro. Gindin na gida ne, mai jure ƙasarmu. Ɗan reshe kawai ake yankowa daga iri mai daɗi a ɗaura. Haka Greg Winter ya yi a 1986, shi ma a Kambirij. An riga an san cewa a duk girman gwafar nan, wasu ƴan lanƙwasa shida ne a bakin kowane ƙaho ke yin kamun. Sai ya kwafi tsarin waɗannan kaɗai daga ta kusu ya dasa a kan gindin antikor ta ɗan Adam. Ba da wuƙa ba, a cikin rubutun gado na ƙwayar halitta ake yin yankan da ɗaurin. Trastuzumab haka aka yi ta: kusan kashi 95 cikin 100 tsarin ɗan Adam ne, ɗan bakin nan ne aka koyo daga kusu. Sunan ma ya faɗa. “Mab” na ƙarshe yana nufin antikor iri ɗaya, “zu” kuma wadda aka yi wa irin wannan aure. In ka ga “xi”, kamar a rituximab, to can duk kan ƙahon aka ɗauko, ba bakin kaɗai ba.

Yau babu kusun da ake yankawa don kwalbar Yaya. Rubutun ake sa wa cikin wasu ƙwayoyi da aka ciro tun 1957 daga wata ƴar dabba dangin kusu mai suna hamsta, ana ta rainon jikokin jikokinsu a kwalba har yau. Su ake zubawa a tankunan ƙarfe masu cin dubban lita, a riƙe su da ɗumi irin na jikin mutum, a ciyar da su wajen sati biyu, su yi ta fitar da antikor cikin ruwan. Sannan a tace, a sake tacewa, har ba abin da ya rage sai furotin ɗin. Babu jini a ciki, babu nama. Hukuncin addini na malamai ne, amma in za ka tambaye su ka kai musu wannan bayanin, kada ka kai na majalisa.

Sai HER2. Wata ƴar eriya ce a bayan ƙwayar halitta, tana karɓar saƙon “ki rabu, ki yaɗu”. Kowa yana da ita daidai gwargwado. A wasu matan, wajen ɗaya cikin biyar ko shida na masu dajin mama, ƙwayar dajin tana cika bayanta da eriyoyin nan fiye da kima, sai ta yi ta yaɗuwa ba birki. Dennis Slamon, wani likita a Los Anjalas, shi ya nuna a 1987 cewa masu irin wannan ciwonsu ya fi saurin dawowa. Kamfanin Genentech ya ƙera antikor da ke zama daram a kan eriyar, Amurka ta amince da ita a 1998 da sunan Herceptin. Tana toshe saƙon, ƙafarta kuma tana kiran sojoji. A 2005 manyan gwaje-gwaje suka nuna cewa in an ƙara ta kan shimiyo bayan aiki, haɗarin dawowar ciwon yana raguwa da kusan rabi. 3+ da likita ya zagaye yana nufin an rina naman Yaya an ga eriyar birjik. Da 0 ko 1+ aka gani, da wannan allurar ba ta da wurin zama a jikinta, ko an sayar da gona goma. Da 2+ ne, sai an ƙara wani awon kafin a yanke. Ku dai ku riƙe takardar nan da kyau, ka yi mata hoto a wayarka.

Ƙwaya babu. Furotin ce, in ta shiga ciki za a narkar da ita kamar dafaffen ƙwai. Dalilin da ya sa masu ciwon suga ke yin allurar insulin ke nan su ma.

Jan ruwan da ta sha kuwa ba a ɓata mata lokaci ba. Shi yana gajiyar da zuciya, trastuzumab ma tana iya gajiyar da ita, don naman zuciya yana amfani da ƴar eriyar nan wajen gyara kansa. Shi ya sa ba a haɗa su lokaci guda, sai an gama wancan a shiga wannan. Kuma ba kishiyoyi ba ne, in an sha duka biyun, ɗaya bayan ɗaya, sun fi ƙarfi.

Maganar ta Indiya na bar wa Hajiyarmu ta farmasi, ta fi ni sani.

Mai Farmasi:

Malam ya ture mini mai wuyar. Ɗana, tambayarka biyu ce ka haɗa wuri guda: ta Indiya daban, ta cikin jakar abokinka daban.

Ta Indiya ba jabu ba ce don kawai daga Indiya ta fito. Kamfanin Biocon na can ya fitar da tasa tun 2014, kuma a 2017 hukumar magunguna ta Amurka ta amince da ita da sunan Ogivri. Akwai ta Koriya ta Kudu, ta Samsung Bioepis, wadda Hukumar Lafiya ta Duniya ta tantance a watan Disamba na 2019. A lokacin hukumar ta ce ta asalin tana kai wajen dalar Amurka 20,000, kwatankwacinta kuma kan yi ƙasa da haka da kashi 65 cikin 100. Tun 2015 ma ta sa trastuzumab a jerin magungunan da bai kamata ƙasa ta rasa ba.

Na ce kwatankwaci, ban ce kwafi ba. Farasitamol kamar bulo ne, in kana da ma'auni da kwali, naka da nawa ɗaya. Antikor kuwa mai rai ne ke ƙera ta, kamar daddawa: mata biyu, kalwa ɗaya, hanya ɗaya, amma sai ka ɗan ji bambanci. Shi ya sa ba a yarda da kwatankwacin sai an gwada shi a kan mata masu ciwon, kafaɗa da kafaɗa da na asalin, an ga aikinsu ɗaya. Shi ya sa kuma ko mai sauƙin bai yi arha irin ta sauran magunguna ba.

Ta cikin jaka fa, a'a. Ko da ta gaskiya ce. Maganin nan tsakanin digiri 2 da 8 yake zama, daga masana'anta har hannun mai sa shi. Ka tuna hanyar: Kano, Katsina, Jibiya, Ɗan Isa, a tsaya nan a tsaya can, jaka tana kan yadi a bayan mota, ga ranar watan huɗu. Ƙwan da ya dahu ka san ba ya komawa ɗanye. Bambancin kawai shi ne ƙwai kana ganin ya dahu, wannan kuwa farar hodar tana nan yadda take, sai ku biya, a ɗura, ku zauna kuna jiran aikin da ba a yi ba. Jabu kuma yana bin duk abin da ke da tsada. A Amurka kanta, a 2012, an kama kwalaben Avastin, wata antikor ta daji, babu ko ɗigon magani a ciki, kuma sun kai har ɗakunan likitoci. Ku saya ta hanyar asibitin da ke kula da ita, ko farmasin da zai nuna maka firigonsa da lambar kwali da takardar inda ya saro. Wanda ya ji haushin tambayar, ka bar masa kayansa.

Yanzu ɗauko biro, nan ne kuɗi ke ɓoye. Da nauyin jiki ake auna ta: karon farko miligiram 8 a kowane kilo, daga nan 6 a kowane kilo duk sati uku. A ce Yaya kilo 60 ce. Na farko 480, sauran 360. Kwalbar iri biyu ce, mai 150 da mai 440. Mai 150 in an jiƙa ta ba a ajiye saura, don haka 360 zai ci kwalba uku a zubar da 90 kowane zuwa. Mai 440, in an jiƙa ta da ruwanta na musamman da ke zuwa tare da ita, tana kwana 28 a firigo, zuwa na gaba kuma kwana 21 ne. Ka ga sauran 80 ɗin ba asara ba ne. Zuwa 18 a shekara, jimilla 6,600: kwalba 16 ke nan ta 440, don wani ɗan saura zai wuce kwana 28 a zubar, ko 55 ta 150. Ka tambayi farashin kowace ka buga da kanka. Amma sauran a firigon asibiti za a ajiye shi da sunanta a jiki, ba a na gida ba, da wutarmu mai zuwa da tafiya. Akwai kuma ta ƙarƙashin fata, miligiram 600 ga kowa ba ruwanta da nauyi, ƴan mintoci an gama, sai dai ta kamfanin asali ce.

In ka raka ta, ka leƙa ledar ƙarin ruwan. Da ruwan gishiri ake haɗa ta, ba da na suga ba, kuma ba a girgiza kwalbar, juya ta ake a hankali. Ba raina ma'aikata nake ba, amma ido biyu ya fi ɗaya.

Uwar Tagwaye:

Ƙanena, ni na sha ta, shi ya sa na kasa wucewa. Ka gaya wa Yaya wata ƴar uwarta a Zariya ta nan Maradi tana gaishe ta.

Ranar farko awa ɗaya da rabi aka yi ana ɗura mini. Wajen tsakiya sanyi ya kama ni, haƙora na karo, na ce shi ke nan. Majo, babbar ma'aikaciyar jinya, ta rage gudun ruwan, ta ba ni farasitamol, ta lulluɓe ni da zanena na biyu, ya wuce. Daga na biyu rabin awa ne, ban ƙara jin komai ba. Ta je da bargo ranar farko. Ba irin shimiyo ba ce ko kusa: babu amai, bakina bai fashe ba, ina cikin shan ta gashina ya fara tsirowa, laushi kamar na jinjiri, tagwayena suna ta shafawa suna dariya.

Abin da ya fi allurar wahala hanya ce. Kilomita ɗari shida da wani abu, ka bar tasha da asuba, Ƙonni, Dogon Dutse, Doso, ka shiga Yamai da yamma jikinka duk ya mutu, sati uku kuma ka sake. Cibiyar yaƙi da ciwon daji ta ƙasa tana can, can ne ma ake gashi da na'ura tun 2021, don haka wani zuwan ba makawa. Amma ku tambayi likitanta ko akwai zuwan da za a iya yi a nan gida ƙarƙashin wani likita da ya yarda da shi. Ku je kuma ofishin masu taimakon marasa ƙarfi na asibitin da takardunku. Tun 2007 akwai dokar kyauta kan ciwon dajin mata. Ku ji daga bakinsu mi ya shiga ciki, mi bai shiga ba, kafin ku taɓa gona.

Eko, wato hoton zuciya da na'ura, duk wata uku, kada ku yi wasa da shi don ganin tana tafiya da ƙafarta. Ni a wata na shida aka ga ƙarfin bugun zuciyata ya ɗan sauka, aka dakatar da ni, aka ba ni ƙwayoyi, da ya dawo aka ci gaba. In ta ga ƙafa na kumbura, ko numfashi na yanke mata in ta kwanta, kada ta jira ranar zuwa.

Sai wata magana da kai ba za ka iya yi mata ba, ka sa matarka ko wata babba ta yi. Kada ta ɗauki ciki tana kan allurar nan, har sai an yi wata bakwai da gamawa, don tana ƙafar da ruwan da ɗa ke kwance a ciki. Ni ba wanda ya gaya mini sai a zuwa na huɗu, wata ungozoma ce ta ja ni gefe. Mijin ma a zaunar da shi.

In kuɗi ya gaza, kada ku ɓace shiru kamar yadda na ga wasu sun yi. Ku faɗa wa likita gaskiya tun yanzu. Ni nawa ya gaya mini an yi gwaji a Ingila an kwatanta wata shida da shekara guda, bambancin ya fito kaɗan ƙwarai, ko da yake shekarar ita ce ƙa'ida. Shi zai san wadda za a iya yi wa haka. Gara ya tsara da abin da ke hannunku da a yi uku a tsaya.

Ɗan Tibiri:

Ku yi mini haƙuri in shigo da tawa. Babana dajin hanta aka ce yana da shi. In na samo wannan allurar za ta yi masa? Na kuma ji an ce wani shugaban Amurka ciwon ya kai masa har ƙwaƙwalwa, allura ɗaya ta warkar da shi. Ita ce?

Malamin Labo:

Allah ya ba Baba sauƙi. A'a ɗan uwa, kada ka saya. Makullin shagon Tela ba zai buɗe naka ba. Trastuzumab eriyar HER2 kaɗai ta sani. Bayan mama ana ba da ita a wani dajin tumbi mai irin wannan eriya, shi ma sai an auna. Hanta tana da nata, akwai haɗin atezolizumab da bevacizumab da aka amince da shi a 2020, amma sai hantar tana da sauran ƙarfi, kuma likita ne zai duba. Abin da zan roƙe ka yau: kai da duk ƴan ɗakinku ku je a auna ku ciwon hanta nau'in B, don shi ne kan gaba wajen jawo dajin hanta a ƙasashenmu. Wanda ba shi da shi ya yi rigakafi.

Shugaban da ka ji Jimmy Carter ne, mutumin da ya yi yaƙi da kurkunu har aka tabbatar Nijar ta rabu da shi a 2013. A 2015, yana da shekara 90, dajin fata ya bazu masa zuwa hanta da ƙwaƙwalwa. Ba allura ɗaya ba ce: an yi masa aiki, an yi gashi, sannan aka yi ta ba shi pembrolizumab. Ya rayu har Disamba 2024, ya cika shekara 100. Ita wannan dabararta ta sha bamban da ta Yaya, ko taɓa ƙwayar dajin ba ta yi. Sojojin jini suna da takunkumi da Allah ya sa musu don kada su cinye mai gidan, daji kuma ya iya ja musu shi. Antikor ɗin takunkumin take riƙewa ta hana a ja. Tasuku Honjo na Japan da James Allison na Amurka suka gano wannan, Nobel ta 2018 tasu ce. In ta karɓi mutum abin mamaki ne, amma da yawa ba ta karɓarsu, kuma sojan da aka cire wa takunkumi wani lokaci hanji ko huhun mai gidan yake faɗa wa.

Maƙeran ba su tsaya nan ba. Akwai wadda ake ɗaura wa guba a ƙafa, ta kai shi har cikin ƙwayar dajin ta sauke. Trastuzumab ɗin nan ma an yi mata haka sau biyu, Kadcyla a 2013 da Enhertu a 2019. Akwai mai ƙaho biyu mabambanta, ɗaya ya kama daji ɗaya ya kama soja ya haɗa su goshi da goshi, kamar blinatumomab ta dajin jini. Wanda ya fi ba ni dariya shi ne na raƙumi. A 1993 masu bincike a Burusel ta Beljiyam suka bayyana cewa raƙumi yana da wata antikor da ba ta da rabin kayan da tamu ke da su, bakinta ɗan mitsitsi, mai jure zafi, mai shiga lungun da babbar ba ta shiga. Yanzu ana ƙera magunguna da tsarinta. Duk ranar da na ga ayarin Buzaye sun ratso gari sai in ce ga masana'anta tana tafiya da ƙafa huɗu, mu kuwa kaya kawai muke ɗora mata.

Tun da mun taɓo hanta: duk wanda aka rubuta wa nasa rituximab, ta dajin kaluluwa, ya tabbata an auna nau'in B kafin a fara. Tana kwantar da sojojin da ke danne cutar, sai ta farka. Awon ba shi da tsada, a nan Maradi muke yin sa.

Telan Bagalam:

Jama'a Allah ya saka da alheri, ya bar zumunci. Hajiya, na ɗauki biro kamar yadda kika ce. Na kai Yaya kan sikelin masu aya, kilo 58 ta yi da mayafinta. Na bugi abokina na ce ya bar maganar jaka, ya ɗan ji ba daɗi, amma ya ce zai ba da nasa gudummawar da kuɗi. Gona ba a sayar ba tukuna. Mijin ya ce a fara da buhunan da ke rumbu da ragunan da yake turke, mu ji abin da ofishin taimakon zai ce ranar Litinin.

Malam, na yi mata bayanin auren mangwaro daren jiya tana tankaɗe. Ta yi shiru, can ta ce to ai na Jiratawa ma tana sha ba ta taɓa tambayar gindinsa ba. Uwar Tagwaye, saƙonki ya isa, matata ta shiga ɗaki da ita sun daɗe. Ta ce in tambaye ki: eko ɗin farko kafin a fara allurar ake yi, ko bayan an fara?

Uwar Tagwaye:

Kafin a fara, da shi za a riƙa gwada na baya. Ku yi shi tun a nan ku tafi da takardar, kada ku isa Yamai a ce ku dawo gobe. Kuma ta ci abinci kafin a ɗura mata allurar, ba ta buƙatar azumi.